Daga Zumunta zuwa Talla: Tarihin Jerin Labarai na Facebook

Jerin labarai, wanda kamfanin Facebook ya raɗa wa suna News Feed, shi ne shafin da ke tarbar mutum da zarar ya buɗe manhajar: hoton ɗaurin auren wani aboki, sanarwar rasuwa, guntun wa'azi, tallan takalmi, abu na bin abu, ana ja da babban yatsa ba a kaiwa ƙarshe. An ƙaddamar da shi ranar 5 ga Satumba 2006, kuma tun daga ranar masu amfani da shafin ba su daina ƙorafi a kansa ba. Wasu na kukan ba su ke zaɓar abin da suke gani ba, wasu na kukan talla ya yi yawa, wasu kuma na kukan ana kwasar bayanansu ba da saninsu ba. Koke-koken nan uku jijiyarsu ɗaya ce, wato hanyar da kamfanin ke samun kuɗinsa, kuma wannan hanya ta girmi intanet nesa ba kusa ba.

A 1833 wani mai buga takardu a birnin New York, Benjamin Day, ya fito da jaridar The Sun yana sayar da ita santi ɗaya, alhali manyan jaridun garin santi shida suke. Kuɗin da mai karatu ke biya ba shi ne ribar ba. Ribar tana wajen 'yan kasuwa, waɗanda Day ke sayar wa fili a jaridar gwargwadon yawan idanun da ya tara. Rediyo da talabijin na kasuwanci sun bi wannan sawu. Sai dai jarida ba ta san wanda ya karanta ta ba, rediyo kuma bai san wanda ya kasa kunne ba. Mai talla yana watsa hatsinsa ne kawai, tsuntsun da ya ga dama ya tsinta.

Intanet ce ta kawar da wannan makanta. A watan Oktoba 1994 shafin HotWired ya ɗora ɗaya daga cikin tallace-tallacen allo na farko, na kamfanin waya na AT&T. A shekarar ce kuma wani injiniya a kamfanin Netscape, Lou Montulli, ya ƙirƙiro kukis, wato 'yar alamar da shafi ke ajiyewa a kwamfutar baƙo don ya gane shi idan ya dawo. Nufinsa shi ne kantin intanet ya riƙa tuna kayan da mai saye ya zaɓa. Kamfanonin talla irin su DoubleClick suka gano cewa idan tallansu na kan shafuka dubu, alama ɗaya ta isa su bi sawun mutum daga wannan shafi zuwa wancan. Darajar wannan bin sawu ta fito fili a 2007, lokacin da Google ya amince ya sayi DoubleClick a kan dala biliyan 3.1. A tsakanin nan ne aka sha fama da tallan da ke faɗowa kan allo ba sallama. Ethan Zuckerman, wanda ya rubuta lissafinsa a kamfanin Tripod a ƙarshen shekarun 1990, ya fito a 2014 ya nemi gafarar jama'a.

Facebook ya fara ne a Jami'ar Harvard a watan Fabrairu 2004, kuma shekaru biyu na farko kamar unguwa yake mai gidaje: wanda ke son sanin halin da abokinsa ke ciki sai ya taka har shafinsa ya leƙa. Jerin labarai ya juya wannan tsari. Ɗalibai suka wayi gari suka tarar da duk motsin abokansu an jero shi a wuri guda: wane ya rabu da budurwarsa, wance ta sauya hoto, wane ya shiga ƙungiya kaza. Wani ɗalibi a Jami'ar Northwestern, Ben Parr, ya buɗe zauren adawa da sabon tsarin, kuma cikin 'yan kwanaki mutum sama da dubu 700 suka shiga, a lokacin da duka masu amfani da shafin ba su kai miliyan 10 ba. Shugaban kamfanin, Mark Zuckerberg, ya fara da ce musu su kwantar da hankali, yana mai cewa ba a bayyana komai ba sai abin da dama abokai ke iya gani. A zahiri maganarsa gaskiya ce, amma ta kauce wa inda ke yi wa mutane ƙaiƙayi. Zancen da maƙwabci zai iya ji idan ya shigo zaure daban yake da zancen da aka ɗanka wa sanƙira ya zagaya gari da shi. Ranar 8 ga Satumba Zuckerberg ya amsa cewa sun tafka kuskure, aka ƙara wasu maɓallan ɓoye bayanai, jerin kuwa ya zauna daram. Wani abin da kamfanin bai kasa lura da shi ba: jerin labaran ne da kansa ya yayata zauren adawar, domin duk wanda ya shiga sai an sanar da abokansa. Masu zanga-zanga sun tabbatar masa da ƙarfin abin da suke yaƙa.

Salon da aka gani a wannan mako shi aka yi ta maimaitawa. A watan Nuwamba 2007 aka fito da Beacon, tsarin da ya haɗa Facebook da shafuka 44, ciki har da Blockbuster da Overstock, ta yadda abin da mutum ya saya a can zai bayyana a jerin abokansa. Wani magidanci a jihar Massachusetts ya sayi zoben lu'ulu'u zai ba matarsa kyautar ba-zata ta Kirsimeti. Kafin zoben ya iso gida, labarin ya riga ya isa ga abokansa da matar kanta, har da ragin farashin da aka yi masa. Ƙungiyar MoveOn ta tattara sa hannun dubban mutane, Zuckerberg ya sake ba da haƙuri, aka kai ƙara kotu, sannan a 2009 aka rufe Beacon da sulhun dala miliyan 9.5. Amma a shekarar ce maɓallin Like ya bayyana, kuma daga Afrilu 2010 aka bai wa kowane shafi a intanet damar liƙa shi. Abin da Beacon ya yi da ganga, maɓallin ya ci gaba da yi a asirce: duk shafin da ke ɗauke da shi yana iya sanar da Facebook cewa wane ya ziyarce shi, ko ya danna ko bai danna ba. A Disamba 2009 kuma kamfanin ya sauya ƙa'idojin sirri, wasu bayanan da mutane suka killace, kamar jerin sunayen abokai, suka koma a buɗe. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta zarge shi da yaudarar jama'a, aka daidaita a Nuwamba 2011 a kan cewa za a riƙa binciken yadda yake riƙon bayanai har shekara 20.

Har zuwa wannan lokaci talla a gefen allo yake zama, ta hannun dama, mai karatu na iya kau da kai. Wayar hannu ce ta kore shi daga can. Allon waya ba shi da gefe, kuma a 2012 jama'a na ta ƙaura daga kwamfuta zuwa waya. Da kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari a watan Mayu na shekarar, an sayar da kowane hannu dala 38, amma kafin Satumba ya ƙare ya faɗi ƙasa da rabin haka, saboda masu zuba jari ba su ga yadda za a ci riba a waya ba. Mafitar ita ce a cusa talla a tsakiyar jerin, a yi masa kama da saƙon aboki, da 'yar ƙaramar alama mai nuna cewa biya aka yi. A ƙarshen 2013 fiye da rabin kuɗin tallan kamfanin daga waya yake shigowa.

Daga nan jerin ya zama gonar da kamfanin ke ci daga cikinta, kuma duk minti ɗaya da mutum ya ƙara yana ja da yatsa, fili ne na ƙarin talla. Wannan ne ya sa ba a jera labarai bisa lokacin da aka wallafa su. A 2013 kamfanin ya bayyana cewa matsakaicin mai amfani da shafin na da labarai kusan 1,500 da za a iya nuna masa duk sanda ya shigo, amma kimanin 300 ake fifitawa. Wani lissafin kwamfuta ne ke yin tankaɗe da rairayar, yana duba da wa mutum ya fi hulɗa, wane irin abu ya saba dannawa, a kan me ya ɗan dakata. Shi ya sa labarin haihuwar 'yar uwa kan iya wucewa ba a gani ba, amma cacar baki tsakanin baƙi biyu ta yini tana dawowa. Ta ɓangaren talla kuma gwanjo ake yi cikin ƙiftawar ido. Mai kaya ya faɗi irin mutanen da yake nema, misali mata 'yan shekara 20 zuwa 35 a wani gari masu sha'awar kayan ɗaki, ya faɗi abin da zai biya, na'ura ta zaɓi wanda ya yi nasara. Yana iya ɗora lambobin wayar tsofaffin kwastomominsa a nemo masa su, ko a nemo masa masu kama da su. Yana iya dasa 'yar alamar Facebook a shafin kantinsa, ta yadda wanda ya duba takalmi bai saya ba, takalmin zai bi shi har cikin hotunan 'yan uwansa kwana da kwanaki.

Daidaituwar tallan da abin da ke ran mutum ita ta haifar da zargin da ya zama ruwan dare, cewa waya na sauraron hira. Mutum zai ce jiya kawai ya yi zancen janareta da abokinsa, yau ga tallan janareta. Kamfanin ya musanta haka a 2016, Zuckerberg ya sake musantawa a gaban majalisar dattawan Amurka a 2018, kuma masu bincike a Jami'ar Northeastern da suka gwada manhajojin Android sama da dubu 17 a shekarar ba su kama ko ɗaya tana aika sauti a ɓoye ba. Bayanin da ya fi kusa da gaskiya bai fi zargin daɗin ji ba: wanda ya san inda mutum ya kwana, da wa ya zauna, me abokin zamansa ya nema a intanet, da abin da masu irin halinsa suka saya a wannan mako, ba ya bukatar ya kasa kunne.

A Yuni 2014 wata mujallar kimiyya ta Amurka, PNAS, ta wallafa wani gwaji da ya nuna iyakar ikon mai tace jerin. Tsawon mako guda a Janairu 2012, an rage wa wasu labarai masu faranta rai, an rage wa wasu masu ɓata rai, jimillar mutum 689,003, don a ga ko abin da za su rubuta zai sauya. Ya sauya, ko da yake kaɗan ne ƙwarai. Ba a nemi izinin kowa ba. Duk da surutun da ya biyo baya, sauran kafafen sun bi layi: a 2016 Twitter da Instagram suka bar jeri bisa lokaci suka koma na lissafi, masu amfani da su suka yi ca, ba abin da ya fasa.

Labarin WhatsApp ya fi nuna yadda alkawari ke narkewa. Jan Koum da Brian Acton sun gina manhajar a kan ƙin talla, suna karɓar kusan dala ɗaya a shekara. Facebook ya saye ta a 2014 a kan dala biliyan 19, aka tabbatar wa jama'a cewa ba abin da zai sauya. A farkon 2016 aka soke kuɗin shekara, a watan Agusta aka fara miƙa lambobin waya ga uwar kamfanin. Tarayyar Turai ta ci Facebook tarar yuro miliyan 110 a 2017 saboda bayanin da ya ba ta lokacin cinikin, cewa ba zai iya haɗa asusun manhajojin biyu kai tsaye ba, bai zama gaskiya ba. Acton ya bar kamfanin a 2017, Koum ya bi shi a 2018.

Babbar guguwar ta taso a Maris 2018, lokacin da jaridun Observer da New York Times suka buga bayanan Christopher Wylie, tsohon ma'aikacin Cambridge Analytica. Wani malamin Jami'ar Cambridge, Aleksandr Kogan, ya yi wata manhajar tambayoyin gane hali, mutum kimanin dubu 270 suka yi amfani da ita. Ƙa'idar Facebook ta wancan lokaci ta ba manhaja damar kwasar bayanan abokan wanda ya shiga, don haka adadin ya kai har miliyan 87, kuma bayanan suka faɗa hannun Cambridge Analytica, kamfanin da ya yi wa Donald Trump aikin yaƙin neman zaɓe a 2016. Rahotannin sun taɓo Najeriya: wani attajiri mai goyon bayan Goodluck Jonathan ya ɗauki hayar kamfanin gabanin zaɓen 2015 don ɓata sunan Muhammadu Buhari, har da wani bidiyo mai cike da zubar da jini da aka shirya don tsorata masu zaɓe, ko da yake ba a nuna cewa Jonathan ya san da aikin ba. A zaman majalisar dattawan Amurka na Afrilu 2018 Sanata Orrin Hatch ya tambayi Zuckerberg yadda kamfani ke rayuwa alhali ba ya karɓar kuɗi daga masu amfani da shi, shi kuwa ya amsa a taƙaice cewa talla suke sakawa. An yi ta yi wa sanatan dariya a intanet, amma tambayarsa ce ta fi kowace dosar gindin maganar. A Yuli 2019 FTC ta ci kamfanin tarar dala biliyan 5, a shekarar da kuɗin shigarsa ya haura biliyan 70. Ranar da labarin tarar ya fito, hannun jarinsa ƙaruwa ya yi.

Gyaran da kamfanin ya yi da kansa ma ya zo da nasa ciwon. A Janairu 2018 ya sanar da cewa zai fifita abin da ke jawo hira tsakanin mutane. Takardun cikin gida da wata tsohuwar ma'aikaciyarsa, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna cewa ma'aikatansa sun gano abin da ya fi jawo martani shi ne abin da ke tunzura mutane, har wasu jam'iyyun siyasa a Turai suka koka cewa dole ta sa sun ƙara zafin harshe don a gan su. Takardun sun kuma nuna cewa daga 2017 alamomin motsin rai, har da fuskar fushi, makinsu ya ninka na Like sau biyar a lissafin, kafin a mayar da makin fushi sifili a 2020.

Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, kuma a ƙarƙashinta aka ci Meta, sabon sunan kamfanin tun 2021, tarar yuro biliyan 1.2 a 2023. Sai dai bugun da ya fi shiga jiki daga wani kamfani ya zo. A Afrilu 2021 Apple ya tilasta wa kowace manhaja a iPhone ta tambayi mai waya ko ya yarda a bi sawunsa a wasu manhajojin. Akasarin waɗanda aka tambaya suka ce a'a. Tun kafin sauyin ya fara aiki Facebook ya sayi cikakkun shafuka a manyan jaridun Amurka yana cewa ƙananan 'yan kasuwa za a cuta, sannan a farkon 2022 ya shaida wa masu hannun jari cewa sauyin zai ci masa kusan dala biliyan 10 a shekarar.

A daidai lokacin TikTok ya nuna cewa ba a ma bukatar abokai: lissafi kaɗai na iya riƙe mutum da bidiyon baƙi sa'o'i. Meta ya kwaikwaya. A Yuli 2022 Instagram, mallakin kamfanin, ya cika da gajerun bidiyon mutanen da ba a sani ba, taurari irin su Kylie Jenner da Kim Kardashian suka shiga sahun masu neman a dawo musu da hotunan abokansu, shugaban manhajar Adam Mosseri ya janye wasu sauye-sauyen. A makon ne Zuckerberg ya gaya wa masu zuba jari cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na jerin Facebook daga shafukan da mutum bai bi ba ne, kuma adadin zai ninka kafin ƙarshen 2023.

A Najeriya lamarin yana da fuska biyu. Facebook ya shigo da Free Basics, tsarin shiga wasu shafuka ba tare da biyan kuɗin data ba, tare da Airtel a 2016, watanni kaɗan bayan Indiya ta haramta shi, kuma a shekarar aka samar da shafin cikin harshen Hausa. Ga mai sayar da atamfa, turaren wuta ko kayan kicin daga cikin gida a Kano ko Kaduna, Instagram da sitatus ɗin WhatsApp su ne farantin tallanta, ba sai ta aiki yarinya ta zaga unguwa ba. Ita ce kuma, idan ta koma mai kallo, ke ƙorafin bidiyon talla na cinye mata data, domin a inda ake sayen data kaɗan-kaɗan, mai waya ne ke biyan kuɗin sauke tallan da bai nema ba. Da WhatsApp ya aiko da sanarwa a Janairu 2021 cewa ko dai a amince da sabbin sharuɗɗa kafin 8 ga Fabrairu ko a rasa asusu, miliyoyin mutane a duniya suka ruga Signal da Telegram, kamfanin ya ɗage wa'adin zuwa Mayu. Sanarwar ce ta kai ga binciken wata 38 da hukumar kare masu saye ta ƙasa, FCCPC, ta yi tare da hukumar kare bayanai, NDPC. A Yuli 2024 FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220, bisa zargin rarraba bayanan 'yan Najeriya ba da yardarsu ba da kuma hana su zaɓin da ake ba mutanen wasu ƙasashe. Kotun sauraron ƙararrakin gasa da kare masu saye ta tabbatar da hukuncin a Afrilu 2025. Meta ya yi nuni a takardun kotu cewa yana iya rufe Facebook da Instagram a ƙasar, hukumar kuma ta ce matsin lamba ne kawai.

Ƙorafin shekaru kusan ashirin bai rage yawan jama'ar ba. A Disamba 2024 mutum biliyan 3.35 ne ke buɗe aƙalla ɗaya daga manhajojin Meta kullum. Dalilin a fili yake: mutum na iya sauke Signal, amma zauren danginsa, na tsofaffin ɗalibai da na kwastomomi duk suna inda ya baro su. A shekarar kamfanin ya samu dala biliyan 164.5, sama da biliyan 160 daga talla. A Turai, inda doka ta matsa masa, ya fito da zaɓi a Nuwamba 2023: ko a biya yuro 9.99 a wata a kwamfuta, 12.99 a waya, a huta da talla, ko a yarda a ci gaba da amfani da bayanan mutum. Hukumar Tarayyar Turai ta ce wannan ba zaɓi ne na adalci ba, ta ci shi tarar yuro miliyan 200 a Afrilu 2025. Bayan wata biyu, a Yuni 2025, Meta ya sanar da cewa talla zai fara bayyana a sashen sitatus na WhatsApp, ana zaɓarsa bisa garin da mutum yake, harshensa da tashoshin da yake bi, saƙonnin da ke tsakanin mutane kuwa, in ji kamfanin, za su ci gaba da zama a kulle.